Riga Takwas, Nas Ɗaya

Masu karatu, na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in rage tsiwa ko Allah Ya sa in auru. Na gode, 'yar'uwa. Ummata ma kullum abin da take faɗa ke nan, sai dai ita ba ta ɓoye sunanta. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa kuwa, ni nas ce a wani gidan kula da tsofaffi, kuma sunan da aka san ni da shi a can shi ne Ina Zuwa. Wani tsohon hedimasta da ke ɗakin farko ne ya laƙaba min, wai tun da na fara aiki bai taɓa jin wata magana daga bakina ba sai wannan, kuma ya fi sanin ƙeyata a kan fuskata. Ban yi fushi ba, don bai yi min ƙarya ba.

Amma fa da ba haka nake ba. A babban asibiti na fara, ɗakin kulawa ta musamman, inda nas ɗaya ke riƙe da mutum biyu, idan jiki ya tsananta ma mutum ɗaya tal. A can kowa cewa yake ni 'yar aljanna ce. Ina da lokacin shafa wa mara lafiya mai a leɓe, in gyara masa matashi, in tsaya in yi wa 'yan'uwansa bayani da murya ƙasa-ƙasa kamar mai karanta labarai. Da aka taɓa tura ni babban ɗakin maza cike gurbi, mutum goma sha biyu a wuyana, sai 'yar aljanna ta koma mai gajeren murmushi. Yanzu da nake da tsofaffi talatin da biyu, ni da mataimakiya ɗaya mai ciwon gwiwa, murmushin ma a jaka nake barinsa tare da turarena. Mace ɗaya ce fa duk, halin ne ake raba shi bisa yawan gadaje.

To a wancan ɗakin na mutum biyu Injiniya, mai nemana, ya fara ganina. Mahaifinsa ne aka kawo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Injiniya yakan tsaya bayan gilashi da farar rigarsa mai dogon hannu, biro biyu a aljihu, ya yi ta kallona ina goge wa Baba baki. Ranar sallama ya nemi lambata, wai saboda tambayar magani. Tambayar magani ta farko da ya turo min ita ce ko na ci abinci.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son mutumin nan. Ba shi da daɗin baki, saƙonsa kamar na kamfanin waya, gajere kuma a kan lokaci, amma idan ya ce zai zo ƙarfe biyar, kafin biyar za ki ji tsayuwar mota. Umma kuwa tun zuwansa na biyu ta ajiye lambarsa a wayarta da sunan Surukina, ta sa aka sake labulen falo, ta cire ledar da ke kan kujeru tun ina makarantar jinya.

Yadda na baro babban asibiti ma aikin Umma ne. Kawu, wanta, shi ke shugabantar gidan tsofaffin, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar Abbanmu. Nas ɗinsa ta ajiye aiki, ya zo ya zauna a falonmu yana sauke numfashi, Umma ta dube ni ta ce ai ga tamu a gida. Ta ƙara da cewa can babu aikin kwana, ko banza mai nemana zai same ni ido biyu. Na tafi da niyyar wata biyu kafin a samu wata, har yau watan ba ta zo ba.

Matsalar ta faro ne daga wani saƙo da ya shigo ina tsaka da rabon maganin rana.

"Sista, matar da ke kula da Baba ta tafi. Ta uku ke nan. Yaya ta yarda mu kawo shi wurinku. Inda kike, nan hankalina zai kwanta."

Na karanta. Ku ba ku san Baba ba, ni na san shi. Tun ciwon nan maƙogwaronsa ba ya rufewa da kyau, idan aka ba shi ruwa tsinkakke sai ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Komai sai mai kauri, a zaunar da shi sosai, haɓa ƙasa, cokali ɗaya, a jira ya haɗiye, a sake jira, sannan na biyu. Cin abincinsa zama yake so, ni kuwa rabona da zama a wurin aiki har na manta kalar kujerata. Idan aka kawo min shi, wata rana ƙararrawa uku za su yi ƙara tare, in bar cokali a hannun wanda ya fi kusa, sai dai labari.

Na rubuta masa, "Ka bari mu yi magana tukuna." Na goge. Na rubuta, "Wurinmu ya cika." Na goge, don Kawu ya riga ya gaya masa akwai ɗaki mai kallon lambu. Daga ƙarshe abin da na tura shi ne, "To, Allah Ya kai mu." Ku zage ni, na cancanta.

Da na koma gida na tarar da Umma tana gugar farar rigata da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na zauna a hannun kujera na gaya mata damuwata. Ba ta ɗago ba, ta yayyafa wa rigar ruwa, ta ce Kawuna yana bukatar manyan mutane irin waɗannan, ni kuma ina bukatar miji, kuma Allah Ya haɗa bukatun a mota ɗaya, ni ce zan fasa tayar?

Na ce, "Umma, idan ya tambaye ni mu nawa ne fa?"

Ta ce, "Ya tambaye ki?"

"Bai tambaya ba."

"To wanda ba a tambaya ba bai yi ƙarya ba. Miƙo min maratayin nan."

Yanzu bari in gaya muku sirrin gidanmu na aiki, wanda duk wanda ya ci abincin wurin ya sani. A ofishin Kawu akwai wani kabad mai makulli, cikinsa fararen riguna ne a jere, an wanke an goge. Ba a buɗe shi sai ranar baƙi, wato ranar da masu duba aiki za su zo daga hukuma, ko wasu masu hali za su zo ganin wuri. A ranar duk macen da ke cikin gidan nas ce. Masu wanki biyu, masu shara biyu, matar maigadi, mataimakiyata, da Kuku mai dafa mana abinci, kowa sai ta saka fari ta ɗaura agogo a ƙirji. Dokokin Kawu uku ne, kuma yana maimaita su kamar mai koyar da faretin yara: a yi tafiya da sauri, a riƙe fayil a hannu, kada a taɓa kowa. Idan baƙo ya yi miki magana, ki ce, "Bari in kira Sista," ki wuce.

Abin dariyar, ranar da muka fi yawa ita ce ranar da na fi zama ni kaɗai. Mataimakiyata da gwiwarta ba ta iya tafiyar sauri, don haka a teburin bakin ƙofa ake dasa ta ta riƙa murmushi. Masu shara da kan taya ni ɗaga tsoho a ɓoye, a ranar hannunsu na kan fayil.

Ranar zuwan su Injiniya na fito gida da kwalli da jan baki, don Umma ta tsare ƙofa ta ce ba zan fita da fuska kamar mai zuwa karɓar sakamakon gwaji ba. Na isa na tarar an fesa turaren ɗaki har yana hawa kai, an kawo tukwanen fure daga ofis an jera a baranda. Rigar Kuku ta matse ta a hammata, tana tafiya hannuwa a buɗe, ga ƙanshin albasa na bin ta duk da turaren. Fayil ɗin da aka ba ta a kife ta riƙe shi. Hedimasta kuwa, da yake Kawu ya san bakinsa, an kai masa sababbin jaridu har uku don ya samu abin yi.

Da hantsi suka iso. Injiniya na tura keken Baba, an saka wa Baba hula da sabuwar riga mai ruwan toka, hannunsa na dama a kan cinya kamar ba nasa ba. A gabansu Babbar Yaya, wato babbar 'yar Baba, wadda turarenta ke riga ta shiga ɗaki. Doguwar riga mai duwatsu, mayafi a kafaɗa ɗaya, jaka kamar za ta kwana. Ba a garin take zaune ba, amma duk gidan babu wanda ya kai ta ba da umarni a kan jinyar Baba, ta waya. Ta tsaya a bakin baranda tana ƙirga fararen riguna da haɓarta, na ga leɓenta na motsi har takwas.

Ta ce wa Kawu, "Masha Allah. Ko asibitin kuɗi ba su kai ku ma'aikata ba."

Kawu ya yi dariyar tawali'u, ya ce ai tsoho amana ne. Injiniya ya dube ni ya ɗan yi murmushi, ni kuma na durƙusa na gaida Baba don kada ya ga idona.

A saman barandar akwai allo mai ƙananan fitilu, kowane ɗaki da tasa, idan tsoho ya danna ƙararrawa sai ta kama. Ba a yi nisa da zagaye ba ta ɗakin farko ta kama. Na ce ina zuwa, na ruga. Gilashin Hedimasta ne ya faɗi ƙarƙashin gado, kuma yana son sanin wa ya rasu da aka fesa turare haka. Ban gama miƙewa ba ta can ƙarshen baranda ta kama, wata tsohuwa ce mai son zagayawa, irin wadda idan ta ce yanzu, to yanzun take nufi. Na wuce baƙin da gudu, na wuce nas shida masu tafiyar sauri zuwa babu ko'ina.

Na ɗago tsohuwar daga gado, hannuwanta a wuyana, nauyinta duka a kaina, muna tsakanin gado da kujera, inda idan ka saki mutum ƙugunsa ya tafi ke nan. A daidai nan na hango su ta ƙofa. Kawu ya ja Injiniya cikin ɗakin da ke kallon lambu yana nuna masa taga. Baba na baranda, ya ɗan yi tari, ya nuna bakinsa da hannun hagu. Babbar Yaya ta buɗe jaka ta fito da gorar ruwa, ta waiga, ta miƙa wa farar rigar da ta fi kusa.

Na ji ta da kunnena ta ce, "Sista, taimaka ki ba shi, ku kuka san hannu."

Kuku ce. Abin da ya kamata ta ce kun san shi. Amma baiwar Allah tun da aka haife ta ba a taɓa kiranta Sista ba, kuma mace ce da ba ta iya ganin mai ƙishi ta wuce, ko kyanwa ce. Ta ajiye fayil a ƙasa, ta tallafi ƙeyar Baba da tausayi, ta ɗaga masa kai sama kamar yadda ake yi wa yaro, ta kafa masa gorar.

Ban san ina da irin wannan muryar ba.

"Kuku! Sauke gorar nan!"

Maigadi ya ce har bakin titi an ji. Na dire tsohuwar a kujera, na ce ta riƙe ƙarfen da kyau, na zo da gudu takalmi ɗaya ya tsaya a hanya. Baba ya riga ya kurɓa, ya ƙware, fuskarsa ta yi duhu, idanu sun firfito. Na sunkuyar da shi gaba, na tallafe ƙirjinsa, ina ce masa ya yi tarin, ya yi, kada ya ji tsoro, ina nan. Ya yi ta tari har ruwan ya fito ta baki da hanci a kan sabuwar rigar. Da numfashi ya dawo ya ɗago ido jajur ya dube ni, sai na ji hannunsa na hagu ya kama wuyan hannuna ya riƙe. Ya gane ni.

Sauran nas ɗin sun tsaya cak da fayil a ƙirji, Kuku na hawaye tana cewa ita wallahi taimako ta yi niyya. Sai ga muryar Hedimasta daga ɗakin farko, a natse, irin ta mai sanarwa a taron makaranta: tunda dai an riga an kira sunanta, a sake ta ta koma kan tukunya, shi yana jin ƙauri.

Injiniya ya fito daga ɗakin lambu. Bai ɗaga murya ba, bai ma dubi Kawu ba. Ya dubi allon fitilu, biyu sun sake kamawa, ya dubi masu fararen riguna da babu wadda ta motsa, sannan ya dube ni, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Sista, ku nawa ne a nan?"

To, Umma, an tambaya. Na ji idon Kawu a gefen fuskata kamar garwashi.

Na ce, "Nas ni kaɗai ce. Sai mataimakiya ɗaya."

"Su kuma su nawa?"

"Talatin da biyu. Ba zan iya zama in ba Baba abinci yadda ya kamata ba, kuma babu wanda zai yi idan ban yi ba. Kada ku kawo shi."

Daga nan na ce ina zuwa, na tafi wurin tsohuwar da na bari riƙe da ƙarfe. Kafin in fito sun tafi.

Kawu ya kira ni ofis bayan an mayar da riguna kabad. Na shirya wa faɗa, sai na tarar ya cire hula ya ajiye a tebur, ya tsufa a cikin awa ɗaya. Ya ce na yi masa tsirara a gaban baƙi. Ya ce ko na zaci shi yake cinye nas-nas ɗin? Duk wadda ya ɗauka, da ta ga yawan gadajen sai ta nemi babban asibiti ko ta haye jirgi. Idan hukuma ta rufe gidan, ina zan kai mutum talatin da biyun, falon Ummata? Abin da na iya cewa kawai shi ne riga ba ta ɗaga tsoho. Ya ce in fita masa daga ofis, amma kada in makara gobe.

A hanyar gida na gama yi wa kaina ta'aziyya. Na rasa miji, na ɓata da Kawu, saura wankin babban bargo daga Umma. Na duba waya ya fi a ƙirga, babu saƙon Injiniya. Na shiga da sallama ƙasa-ƙasa, sai na tarar da Umma a tsakiyar falo, baki har kunne, ta fito da kofunan baƙi tana gogewa.

Babbar Yaya ta kira ta. Wai yarinyar nan ta shiga ransu, mai gaskiya ce, ga zafin nama, ga shi Baba ya riƙe hannunta ya ƙi saki. Wai sun yi shawara sun ga babu amfanin kai Baba ko'ina. A matso da bikin kawai, in ajiye wannan aikin wahalar, in tare a babban gida. Umma ta ce in duba ikon Allah, daga mutum talatin da biyu zan koma mutum ɗaya, hutu ya same ni har gida.

Na zauna a kujerar da aka cire wa leda ina lissafin da duk nas za ta yi. Ɗaya da ɗaya, haka ne. Amma a ɗakin kulawa ta musamman idan lokacinka ya cika wata ke zuwa ta karɓe ka, ka tafi gida ka yi barci kamar gawa. Wannan ɗaya da ɗayan babu mai karɓa, babu ranar hutu, babu ajiye aiki. Mata uku sun gudu daga shi, shi ya sa ake neman wadda ba ta da ƙofar gudu.

Sai ga saƙonsa.

"Kin ji shawarar Yaya? Ina ganin mafita ce ga kowa."

Na karanta na sake karantawa. Abin ya yi min ciwo, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana. Tambayar da ta tsaya min a wuya ita ce, mutumin nan da ya tsaya bayan gilashi yana kallona, ni yake kallo ko hannuna?

Ranar hutuna suka gayyace ni cin abincin rana. Umma ta zaɓar min doguwar riga mai ruwan zuma da mayafin da take ɓoyo a ƙasan akwati, ta raka ni har bakin mota tana ja min kunne: in yi ƙasa da kai, in yi ƙasa da murya, in bar tsiwata a gida ta ajiye min.

Gidan babba ne, falon ya yi namu uku, kujeru masu laushin da idan ka zauna sai an ba ka hannu. 'Ya'yan Baba duka sun hallara: Babbar Yaya, maza biyu masu bi mata, Injiniya, da autarsu mai waya biyu. Aka karɓe ni kamar wadda ta ciyo kofi. Kafin in sha ruwa Babbar Yaya ta ja hannuna ta ce in zo in ga ɗakina. An yi masa sabon fenti, gado mai faɗi, madubi har ƙasa, labule mai ruwan madara. A bango ɗaya kuma akwai ƙofa, ta buɗe ta, sai ga gadon Baba.

Injiniya ya matso yana ɗan jin kunya, ya ce akwai abin da ya haɗa da hannunsa. Ya shiga ɗakin Baba ya danna wani abu a jikin gado. Ƙararrawa ta yi ƙara a saman madubina.

Masu karatu, ƙafata ta riga ni. Kafin in san abin da nake yi na yi taku biyu zuwa ƙofar, bakina ya buɗe zai ce abin da ya saba. Suka yi dariya, auta ta ce kai, Anti ta iya aikinta. Ni ma na yi dariyar, amma idona na kan ƙararrawar.

Aka turo Baba falo don a ci abinci tare. Mai aiki ta kawo nasa a ƙaramin kwano, an dama da kauri, da cokali a ciki, ta miƙa wa auta don ita ce kusa da ƙofa. Auta ba ta ɗago daga waya ba ta miƙa wa na kusa da ita. Shi ya miƙa wa wansa, wan ya miƙa wa Babbar Yaya, ita ta miƙa wa Injiniya. Babu wanda ya ma lura yana yi. Injiniya ya juyo da murmushinsa mai kyau ɗin nan ya miƙo min.

Na karɓa, kwanon da ɗuminsa. Na yi ƙasa da kai, na yi ƙasa da murya, duk yadda Umma ta ce. Ta ukun ce kawai, tsiwar nan, ta biyo ni.

Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, tambaya ce irin wadda aka yi min a wurin aiki. Ku nawa ne?"

Auta ta kife wayoyinta. Mazan biyu suka sami abin kallo a jikin kafet. Sai na ga motsi a gefena. Baba ne, mutumin da tun ciwon nan ba a ji kalma ɗaya sosai daga bakinsa ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali, yana rawa, ya ware yatsun duka biyar, ya riƙe su a sama yana bin 'ya'yansa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bai sauke ba sai da ya gama da auta.

Na ajiye kwanon a kan tebur, a tsakiya, inda hannun kowa zai kai. Na ce ni zan koya wa duk mai so, ba wuya, zama ne kawai.

Babbar Yaya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki wayarta ta fita baranda, kuma ba sai an gaya min lambar wa za ta nema ba. Kwanon na nan yana hucewa. Na soma laluben jakata, ina tunanin ko a bakin titin nan ana samun mota, sai na ji an ja kujera.

Injiniya ne. Ya cire agogonsa ya ajiye, ya naɗe hannun farar rigar nan har gwiwar hannu, ya jawo kujera gaban keken mahaifinsa ya zauna. Ya ɗauki kwanon. Cokalin ya cika shi fal kamar mai loda siminti, kuma bai dube ni ba, don haka ban san ko so ne ko kunya ba, har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba.

A cikin jakata waya ta fara ƙara. Sautin da na ware wa Umma ne. Jikina ya zabura zai tashi kamar kullum, na danne shi a cikin kujerar, na bar ta tana yi.

Na ce masa, "Rage. Rabin wannan. Ka sa ya yi ƙasa da haɓa."

Ya rage, ya kai cokalin bakin Baba. Ya ɗebo na biyu da sauri, na riƙe masa wuyan hannu.

"Jira tukuna. Bai haɗiye ba."